Ɗanmaraya Jos, Mawaƙin Masu Cin Guminsu



Mu Hausawan Maiduguri, akasarinmu neman halal ne ya kawo iyaye da kakanninmu garin Shehu. Wani dako, wani fawa, wani tuƙin mota, wani ga-ruwa. To amma mawaƙa nawa ne suka taɓa waiwayar irin waɗannan bayin Allah? A ganina babu wanda ya kama ƙafar marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos.

An haife shi a 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza, cikin Hausawan da nema ya kai su can, kamar dai yadda ya kawo mu nan. Iyayensa sun rasu tun yana jariri, sarkin da mahaifinsa ke yi wa kiɗa ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, a wata tafiya da ya yi zuwa Maidugurin nan yana yaro ya ga makaɗa suka burge shi, shi ma ya haɗa kuntiginsa. Gwangwanin kifi ne fa kawai, da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Da shi ya zaga duniya.

Ɗan makaɗin fada ne, da ya so sai ya tare a ƙofar sarakai da attajirai. Amma waƙar da ta fara fito da shi ita ce "Karen Mota". Ku duba wanda ya zaɓa: yaron da ke loda kaya, ya shiga ƙarƙashin mota in ta lalace, ya kwana a tasha cikin baƙin mai, sannan a yaba wa direba shi kaɗai. Ranar da aka ji waƙar nan a rediyo, karen mota ya san shi ma mutum ne. Haka ya taɓo zaman mai akwai da mai babu, da auren dole, da gulma, wato abubuwan da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya.

A Amurka akwai irinsa, Bruce Springsteen, wanda aka haifa a 1949 a jihar New Jersey. Mahaifinsa ya yi aikin masana'anta da tuƙin bas, shi kuma ya yi suna da waƙoƙin leburori da waɗanda aka rufe wa ma'aikata. Mutanensa na ji da shi. Mu fa, namu ya rasu a watan Yunin 2015, wa ya gaje shi?

Yau yawancin mawaƙanmu sun koma bakin 'yan siyasa, domin can ake raba motoci. Alhali ga ɗan acaɓan da ya rasa abin yi da aka hana babura a 2011, ga ɗan dakon da gobarar Kasuwar Monday ta 2023 ta bari hannu rabbana, ga mai tireda da ambaliyar 2024 ta kwashe masa jari. Duk waɗannan ba su isa waƙa ba?

Wani zai ce ai waƙa ba ta cika ciki. Gaskiya ne, amma tana sa a daina raina mutum, kuma wanda ba a raina ba, ba a cinye masa haƙƙi cikin sauƙi. Saboda haka mawaƙanmu ku leƙa tasha da kasuwa. Mu kuma in ɗan dako ya sauke mana kaya, mu biya shi da mutunci, mu tambayi sunansa.

Allah Ya jiƙan Ɗanmaraya, Ya sa albarka a neman kowa.