Wutar Inbata Ma Wuta Ce

Saboda yawan ɗauke wuta da tsadar man janareto, gidaje da shaguna da yawa a unguwanninmu sun sa sola da inbata. Mun ji daɗin haka, don yanzu wasunmu suna karatun dare ba sai da tocila ba. Amma akwai wata magana da muke yawan ji, har daga bakin manya, wai wutar inbata ba ta kisa tunda daga batir take fitowa. Mu dai ba mu yarda ba.

Gaskiya ne batir ɗaya bolt 12 ne kawai. To amma ai aikin inbata ke nan, ta ɗaga wannan ƙarfi ta mai da shi kusan bolt 230, daidai da wutar NEPA. Wutar da ta iya tayar da firij ba za ta ji tausayin yatsa ba.

Ku dubi soket ɗin da ke bango, za ku ga rami uku. Na saman nan babba na wayar ƙasa ne, mai launin kore da rawaya. Ya kamata ta bi bango har ta kai ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ita ma inbata tana da ɗan noti a jikinta na ɗaura wannan waya, amma sau da yawa haka ake barinsa fayau, saboda ko babu ita fitila za ta kama, fanka za ta juya, mai gida ya biya kuɗi yana murna. Amfaninta sai ranar da waya ta sale a cikin firij ta taɓa jikinsa. Idan an yi haɗin daidai, wutar za ta bi wayar ƙasa, abin katse wuta ya katse ta. Idan babu, jikin wanda ya fara taɓawa shi ne hanya. Wa ke buɗe firij sau goma a rana, ƙafa ba takalmi, hannu a jiƙe bayan wanke-wanke? Mu ne da ƙannenmu. Shi ya sa muke ganin muna da bakin magana.

Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗan aji biyu zai iya. Idan kayan gida suna cin wat 1,000, a raba da bolt 230, amfiya huɗu da 'yan kai ke bi ta wayar bango. Amma a raba 1,000 da 12, sai ka ga sama da amfiya 80 ke bi ta wayar da ke tsakanin batir da inbata. Don haka dole wannan waya ta zama mai kauri, gajeriya, da fis kusa da batir. Wanda ya sa siririya don ya rage kuɗi, zafi za ta yi, robarta ta narke, kuma yawanci da dare ne kowa yana barci. Batir mai ruwa kuwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke kunna ta, saboda haka ƙarƙashin gado ko bayan labule ba wurin ajiye shi ba ne.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai jona inbata kai tsaye a soket ba tare da makunnin sauya layi ba. Wutarsa na iya komawa kan layin unguwa, alhali wani bawan Allah yana kan falwaya yana gyara, ya tabbata an ɗauke wuta.

Mun san kuɗi na wuya, amma wanda ya iya sayen batir ba sandar ƙasa ce za ta gagare shi ba. Akwai hukumar NEMSA da ke ba masu haɗa wuta takardar shaida, iyayenmu suna da damar su nemi ganinta kafin a fara aiki. Mu yara kuma kada kowa ya ce zai je gida ya kwance wani abu ya duba. Namu tambaya ce cikin ladabi: "Baba, an sa wa inbatarmu wayar ƙasa kuwa?" Muna kuma roƙon malamanmu na fasaha su ware mana darasi ɗaya, su zo da filogi da guntun waya aji, su nuna mana wayoyin nan uku ido da ido.