Abincin da Kurfai ke kira na yunwa, a Indiya na ibada ne

Ƴan kasuwar da ke hulɗa da Indiyawan Yamai, Kano ko Ikko sun san akwai kwanaki tara a cikin Satumba ko Oktoba da abokan cinikinsu suke ƙaurace wa nama, ƙwai da albasa. Wannan shi ne Nabaratiri, ma'ana "dare tara", bikin da mabiya addinin Hindu suke girmama Durga, macen da suke bauta wa, suna kiranta uwa. Rana ta goma, Dasara, ita ce ta rufe biki.

Azuminsu ya bambanta da na watan Ramalana. Ba a hana ruwa ba. Wani yakan ci sau ɗaya a yini, wani ya tsaya a kan madara da ƴaƴan itace. Abin da aka jingine shi ne cimakar yau da kullum: alkama, shinkafa, wake, tafarnuwa, har da gishirin teku, wanda ake maye gurbinsa da na dutse. A rana ta takwas ko ta tara, iyali sukan gayyato ƴan mata ƙanana, su wanke musu ƙafafu, su ciyar da su, su ba su kyauta.

To, mene ne ke shiga tukunya? A nan ne mutumin Filinge zai yi mamaki. Akwai sabudana, wato ƙwayoyin sitacin rogo da ake soyawa da gyaɗa da dankali. Akwai rajgira, garin ƴaƴan alayyahu. Akwai samak, ƙwayar wata ciyawa ƴar'uwar burgun da ke tsiro a bakin kogin Kwara. Akwai kuma makana, ƴaƴan wani tsiron tabki dangin bado, wanda jihar Bihar ta fi kowa nomawa.

Rogo, alayyahu, ƴaƴan ciyawa, bado: duk dattijon Kurfai ya san wannan jeri, amma da wani suna. A wurinsa abincin baƙar shekara ne. Yunwar farkon shekarun 1950 ta bar sunan garin rogo a bakin mutanen yammacin Nijar. A farin 1973 da na 1984, mata sun sussuke ƙarangiya don ƙwayarta. A 2005 an koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Da rumbu ya cika, sai a juya wa waɗannan baya, har a ji kunyar ambatonsu gaban baƙo.

Indiya ma ta wannan ƙofa rogo ya samu gindin zama. Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi daga Amurka ta Kudu, kuma sarkin Tarabankor, Bisakam Tirunal, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1885, ya ƙarfafa nomansa domin kare talakawansa daga yunwa. Bambancin shi ne can al'ada ta ɗauki abincin talaka ta ba shi daraja. Tunda attajiri da matalauci suna nemansa kowace shekara, manomi bai yar da irinsa ba, uwa ba ta manta girkinsa ba, ɗan kasuwa kuma ya samu haja. Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ga gero da danginsa, aka kuwa amince.

Ba wanda ke cewa mutanen dallol Boso su ari bikin wasu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Darasin na tukunya ne da na rumbu. Sanin yadda ake kashe ɗacin anza, da lokacin tsinkar ƙarangiya, yana hannun tsofaffin mata, kuma yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin gidan gona da ke ƙidayar buhunan hatsi a bankin cimaka, ya kamata ya rubuta wannan sani ma. Ɗan kasuwar da ke baza haja ran Lahadi a kasuwar Filinge, ya gwada ajiye tiyar irin wannan cimaka kusa da ta gero tun da kaka, lokacin da ba wanda yunwa ta tilasta wa saye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma tun ran gini ake yin zane.