Ma'aikacin Jami'a da Ya Dawo da Rauni

Ƴan uwa masu bibiyar wannan fili, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Sudan, wurin danginmu Hausawa waɗanda kakanninsu suka yada zango a kan hanyar Hajji, ko suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙauyukansu suna nan tun daga Mai Wurno, kusa da Sinnar, har kewayen Wad Madani, inda gonakin audugar Jazira suka sha guminsu tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925.

A Wad Madani aka kafa Jami'ar Jazira a 1975, kuma tsangayarta ta likitanci ta yi suna wajen tura ɗalibai ƙauyuka su koyi aiki cikin jama'a. To amma idan aka ce ma'aikacin jami'a, hankali kan tafi ga shehun malami. Akan manta da mai gadi, da mai shara, da direba, da mai ban ruwa a gonar gwaji, alhali su ne suka fi kusa da cuta. Wanda ya yini cikin magudanan ruwan Jazira bai rabuwa da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, cututtukan da suka sa aka buɗe shirin lafiya na yankin tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1979. Ga kuma cutar da mutanen can ke kira annabit, wadda kan shiga ta sukar ƙaya a ƙafa, ta yi ta cin nama da ƙashi a hankali, har a kai ga yanke ƙafar idan an yi jinkiri.

Sudan ta soma inshorar lafiya ta ƙasa daga jihar Sinnar a 1995, kuma ma'aikatan gwamnati ne suka fara amfana. Sai dai kati bai da amfani in asibiti a rufe yake. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar shekarar, sojoji suka karɓe ta ranar 11 ga Janairu 2025. A tsakani ma'aikata sun watse, masu ciwon suga da hawan jini da masu wankin ƙoda sun rasa magani. Daga cikin masu dawowa, wani ya rasa hannu, wani ya kurmance saboda ƙarar bama-bamai, wani kuwa jikinsa lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa.

Abin da muke tsoro shi ne irin wannan bawan Allah ya zauna gida don kunya, ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta kuma yi dokarsu a 2017. Yarjejeniyar ta ambaci wanda naƙasa ta same shi yana cikin aiki, ta ce a daidaita masa wurin aikin gwargwadon hali. Direban da ya rasa ƙafa yana iya riƙe rajistar motoci. Mu kuwa Musulmi, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, amma ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya.

Saboda haka muna kira ga iyalai, musamman iyaye mata da ke jinya, su adana takardar ɗaukar aiki da katin inshora da rahoton likita, ko da hotonsu ne a waya. Wanda yake aikin yini ba takarda ya nemi abokan aiki biyu da za su shaide shi. A rubuta buƙatar sauyin aiki, a kai ta ofishin ma'aikata tare da wakilin ƙungiyar ƙwadago, a riƙe kwafi. Mai firgita da dare a yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, domin ɗaya bai hana ɗaya. Gidan da kuɗin inshora ya gagara, ya tuntuɓi Hukumar Zakka, wadda ta saba biya wa mabuƙata.

Wassalam, sai fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.