Kafin ka biya kuɗin makaranta, tambayi albashin malami

Duk watan Satumba, ma'aikacin gwamnati a Abuja yakan zauna da lissafi iri ɗaya: kuɗin haya, kuɗin mota daga Kubwa ko Mararaba zuwa Sakatariya, sannan kuɗin makarantar yara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, makarantu masu zaman kansu da dama sun ƙara kuɗin zango da na motar ɗalibai, har wasu iyaye sai sun ci bashi kafin su biya.

Da yake abin ya kai haka, ya kamata mu duba me muke saye. Yawancinmu abin da ido ya gani ne ke ɗaukar hankalinmu: gini mai sheƙi, na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin kwamfuta, da allon da ke shelar manhajar Birtaniya. Muna kuma duba tsaro, kusanci da gida da karatun addini, kuma waɗannan dalilai ne masu nauyi. Sai dai mutumin da zai yini da yaro a aji, da wuya mu tambayi halin da yake ciki.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai makarantun kuɗi da ke biyan malamansu ƙasa da naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kullum idonsa na kan hanya. Da ya samu wani aiki zai tafi, a kawo sabo a tsakiyar zango, yaro ya koma farko. Iyaye ba sa lura da wannan giɓi sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, lokacin da gyara ya yi wuya.

Saboda haka, kafin ka karɓi fom, ka tambayi shugaban makaranta shekara nawa malamansa suka yi tare da shi, da ko suna da aƙalla takardar NCE da rajistar Hukumar TRCN. Ka nemi ganin takardar amincewar hukumomin ilimi na Babban Birnin Tarayya. Ka ƙirga yaran da ke aji ɗaya, ka buɗe littafin wani ɗalibi ka ga ko ana duba aikinsa.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba ka amsa.