Waiwaye: Kasalar da Muka Kira Ragwanci

Kusan kowace unguwa tamu ta da tana da irin wannan mutumin. Majiyin ƙarfi ne, ranar gayya shi ke fara kai ƙarshen kunya, sai ga shi wata damina ya yi kunya biyu ya nemi inuwa. Bai kwanta ba, tarin ma jefi-jefi ne. In an tambaye shi sai ya ce, "Wallahi jikina ne kawai ya mutu." Mu kuwa ba ma rasa amsa. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu, marasa kara su ce ragwanci ya kama shi. Sai riga ta fara yi masa yawa, mai ɗakinsa ta fara shanya shimfiɗar da zufar dare ta jiƙa, sannan wata tsohuwa ta sassauta murya ta ce, "Anya kuwa ba tarin fuka ba ne?"

Yau ma muna nan a inda muke, suna kawai muka sauya. Taifot da maleriya muke ɗora wa laifi, a leƙa kemis a sayo maganin ƙarin jini, a koma bakin aiki.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya a birnin Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, ba ta da gaggawa. Takan yi watanni tana cin huhu a hankali kamar gara a azara. Jiki yana ƙarar da ƙarfinsa wajen yaƙi da ita, ga abinci ya fita a rai, jini yana raguwa, zazzaɓin yamma da zufa sun hana barci. Huhun da ya raunana kuma ba ya jan iska yadda ya saba. Gajiyar noma akan kwana a tashi garau, amma wannan da ita ake kwana, da ita ake tashi. Jiki magayi ne, mu ne dai muke jira sai mun ga jini a kaki kafin mu saurare shi.

Kakanninmu suna da uzuri. Kafin a samo allurar streptomycin a shekarun 1940 babu maganin da ke kashe ƙwayar, iyakar abin da za a yi wa mutum shi ne a ware masa kwano da ɗaki, a bi shi da addu'a. Mu fa? Asibitin Zana yana nan a Kano, cibiyar Saye tana nan a Zariya, na'urar GeneXpert tana duba kaki ta ba da sakamako cikin sa'o'i kaɗan, magani kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk da haka Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo. Tarin da ya kai mako biyu tare da kasala da rama, gwaji yake so.

Ƙarfin da ke dawowa ma yana da tarkonsa. Maganin na wata shida ne, amma bayan 'yan makonni mutum kan ji garau, ya ajiye ƙwayoyin ya koma kasuwa, cutar kuma ta dawo, wani lokaci ba ta jin maganin farko. Wasu kuwa sun shanye magani tsaf, sun warke, amma tabon da ya rage a huhu yakan bar su da haki da saurin gajiya na tsawon lokaci, har 'yan gida su fara gunagunin cewa ai likita ya sallame shi, me kuma yake jira.