A Fito da Kaset-Kaset Kafin Su Ruɓe

Jama'a, musun nan ya isa haka. Duk majalisar da ka zauna, ko teburin mai shayi, sai an taso da shi. Masu furfura suna cewa barkwanci ya bi Rabilu Musa Ibro kabari tun Disambar 2014. Samari kuma suna cewa ba komai a fina-finan da sai ƙarar fiyano da hoto mai hazo, su dai a bar su da Gidan Badamasi da Labarina. Kowa da bakinsa. Amma a ce wa mai kurantawar ya kawo fim ɗin a saka kowa ya gani, sai ka ga ana sosa ƙeya. Babu shi. Idan ma an samu, guntu ne a YouTube, sauti ya shaƙe, fuskoki sun narke, an yanke sunayen waɗanda suka yi aikin.

To da me za a raba gardamar?

Ni ra'ayina a fili yake. Barkwancin da ya fi na yanzu kaifin harshe. Ku tuna Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, yadda yake cakuɗa Hausar bariki da Turancin soja har ka ga barikin a idonka. Ku tuna Ƙasimu Yero a Karambana, mutumin da ɗaga gira kawai zai yi ɗaki ya kece da dariya. Ibro kuwa ya ɗauki talakan ƙauye mai wayon banza, wanda kullum dabararsa ke komawa kansa, ya mai da shi madubin da kowa ke ganin maƙwabcinsa a ciki, ba ya ganin kansa. 'Yan yanzu sun fi su kyamara, sun fi su sauti da tsara labari mai dogon zango, wannan ba a musu. Sai dai da yawa daga masu ba da dariya a waya sun ɗauka zagi da faɗuwa ƙasa su ne sana'ar. Ba laifinsu ba ne kaɗai. Ina za su ga aikin magabata su koya?

Haka batun fina-finan waƙa da rawa. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, zuwa lokacin da Sangaya ya fito ya juya kasuwa, an yi ta zargin 'yan fim da wankiyar fina-finan Indiya. Zargin da ƙanshin gaskiya, domin mutanen da suka tashi suna cika sinimomin Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano ba za su rasa ɗanɗanon Indiya a bakinsu ba. Amma a cikin waɗannan kaset-kaset akwai yadda ake zance a zaure a wancan lokaci, da ɗaurin ɗankwalin da ake yayi, da titunan Kano kafin gadoji. Wanda bai son waƙar ma yana da abin da zai tsinta.

Sabunta tsohon fim ba aibu ba ne. Indiyawa sun sake Don na Amitabh Bachchan na 1978 da Shah Rukh Khan a 2006, har gobe ana musun wanne ya fi, kuma musun yana da daɗi saboda duka biyun suna nan, kowa zai iya kallo ya yanke hukunci. Mu ma an sake Mujadala a 2018. Yaron da ya kalli sabon, ina zai samu tsohon mai kyan hoto ya gwada? Indiyar ma ba ta tsira ba: Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓace, ba wanda ke da shi. Sai da suka ji zafin irin wannan asara suka tashi tsaye.

Mu kanmu mun ga ishara. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan ya ci sa'a. Kaset ɗin bidiyo ba shi da irin wannan juriya. Zafi yana cin zarensa, raɓar damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare hoton. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina tun 2016. Duk na'urar da ta mutu yau, sai dai a ciro kayan gyara a jikin wata matacciyar.

Saboda haka ina kira gare ku, iyaye mata da kuka adana kwalayen kaset a ƙarƙashin gado, da tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata, da masu shagunan haya da suka rufe suka koma sayar da waya, daga Kano da Kaduna da Jos har Maraɗi da Damagaram: kada ku zubar, kada ku ba yara su zare zaren su yi wasa. Ku fito da su daga ɗaki mai laima, ku jera su a tsaye inda rana ba ta bugu, nesa da sifika saboda maganaɗisu. Wanda ya yi fumfuna kada a cusa shi a na'ura, zai tsinke kuma ya ɓata ta, a kai wa mai gyara ya share tukuna. Kwalin ma dukiya ne, a jikinsa sunaye suke.

Ku kuma samari masu kwamfuta da kuke tura fina-finai a waya, ga aikin da ya fi tura waƙa lada. Ku kwafe kaset-kaset ɗin gaba ɗaya, daga bismilla har tammat, ku rubuta sunan fim da kamfani da shekara. Ku nemi izinin masu shi ko magadansu kafin ku ɗora a intanet, domin akwai marayun da haƙƙinsu ke ciki.

Furodusoshi, kafin ku kashe miliyoyi wajen sabunta wani tsohon fim, ku ware kaɗan ku gyara na asalin ku fitar da su tare. Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana da ma'ajiyar fina-finai a Jos, kuma a 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta, wanda shi kansa ƙuruciyarsa tana cikin waɗannan kaset-kaset. Ƙungiyoyin 'yan fim su je su ƙwanƙwasa wannan ƙofa.

Kai mai karatu, yau da ka koma gida ka tambayi Hajiya ina ta ajiye kwalin nan. Ka ɗauko shi kafin ruwan bana ya sauka.