Kafin Mu Kwashi Iyali Zuwa Bakin Teku

Ya ku 'yan uwa masu karatu, yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe guda, ina so mu tattauna wata magana da ke tasowa duk lokacin da dogon hutun makaranta ya gabato, wato magidanci ya kwashi iyalinsa a mota su bi gaɓar teku daga Legas zuwa Kwatano, Lome, har Ankara ta ƙasar Gana. Wasu na cewa almubazzaranci ne, wasu na cewa kwaikwayon Nasara ne. Ni dai ra'ayina shi ne tafiyar tana da amfani matuƙa, sai dai lokacin da ake zaɓa mata ne bai dace da mu ba.

Da farko, wanda ya ce wannan hanya baƙuwa ce ga Bahaushe bai san tarihinsa ba. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja da jakuna suna sayo goro a Salga. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goron Kumasi ya kafa arzikinsa. Shehun malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya ƙare rayuwarsa a 1934. Har gobe akwai Zango a Kwatano da Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Ankara, inda za ka yi ciniki da Hausa, ka yi sallah cikin jam'i. Amma mu marubuta kullum Dubai da Landan muke kai amarya da ango a littattafanmu, mun bar inda 'yan uwanmu suke.

Abin da ya fi damuna kuma, mutanen Danja ba baƙin Legas ba ne. Magidanci zai bi motar tumatir har kasuwar Mile 12 sau ba adadi, amma matarsa da 'ya'yansa ba su taɓa ganin teku ba sai a fim ɗin Indiya. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a gidan bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ya ga ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, ba zai sake mantawa da cinikin bayi ba ko da bai buɗe littafi ba.

To, ina gizo ke saƙar? A lokacin. Shi Bature da yake fita yawo a watan Agusta, rana yake nema bayan ya sha sanyi, kuma albashinsa yana jiransa. Mu kuwa Agusta tsakiyar damina ce. Masara na neman taki, ga maimai, ga huɗa, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwar Danja da ta Bakori da Funtuwa. Wanda ya bar gonarsa mako biyu a wannan lokaci, ya kuma kashe kuɗin taki a mai da masauki, to ya sani abincin shekara ya taɓa. Shi ya sa nake ganin a bari sai hutun Disamba, an yi kaka, an san abin da aka samu, an fitar da zakka, an ware na ci. Na san masu noman rani za su ce a lokacin ne fadama ke buƙatarsu. Gaskiya ne, amma ban ruwa ana iya barin ƙani ko amintaccen yaro a kansa na kwana goma, kuma a lokacin akwai kuɗin biyansa. A dai tashi da wuri kafin cunkoson Kirsimeti ya rufe hanyoyin kudu.

Sai takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga Benin da Togo da Gana ba biza har kwana 90, amma hakan ba ya nufin a tafi hannu rabbana. Kowa, har jinjiri, ya zama yana da takardar tafiyarsa, da katin rigakafin cutar shawara. Mota kuma a haɗa takardunta da inshorar ECOWAS. Iyaka uku za a tsallaka: Seme, Hilakonji, sai Aflawo, kuma a biyun farko da masu Faransanci za a yi magana. A canza sefa ta Benin da Togo, da sidi na Gana, a kuma yi tambaya kafin a tashi, domin ba mu manta yadda aka rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 har Disamba 2020 ba.

Sannan don Allah kada a yi tafiyar dare da mata da yara. Daga Danja zuwa Legas ba tafiyar wuni ɗaya ba ce ga mai iyali, a yada zango a hanya. In an isa bakin ruwa kuma a riƙe hannun yara, igiyar tekun nan ba irin kududdufin damina ba ce, tana jan babba ma balle yaro.

Shawarata ta ƙarshe, maigida kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Ya zauna da uwargida su yi lissafi tun daga yanzu, a riƙa tara kaɗan-kaɗan ko da ta adashi ne, domin da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora. Wanda bai da hali kada ya ci bashi don a ce ya je. Wanda Allah ya hore masa kuwa, kada ya hana iyalinsa ganin ikon Allah.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Wassalam.